"Gidana ne, ina ruwan gwamnati?": Doguwar fafatawa kan wariyar launin fata a cinikin gidaje a Amurka

A shekarar 1965 wani baƙar fata mai suna Joseph Lee Jones da matarsa suka ga tallar sababbin gidaje a wata unguwa da ake ginawa a bayan garin St. Louis, ana ce mata Paddock Woods. Suka je suka duba, suka zaɓi wanda ya kwanta musu a rai, suka taya. Kamfanin da ke ginin, na wani attajiri Alfred H. Mayer, ya ce ba ya sayar wa baƙar fata. Ba a yi masa kwana-kwana ba, ba a ce wani ya riga shi ba. Jones ya kai ƙara, kotun farko ta kore ta, kotun ɗaukaka ƙara ma ta bi sahu. Dalilin da suka bayar guda ne: wannan kamfani ne mai zaman kansa, dukiyarsa ce, kuma tsarin mulkin Amurka gwamnati ya hana nuna bambanci, bai hana mutum a kan abin hannunsa ba.

A nan gizo ke saƙar. Wanda duk ya taɓa gina ko da ɗaki ɗaya zai ji wannan magana ta ɗan shige shi. Ni na sayi filina, ni na sayi siminti, sai kuma hukuma ta zaɓa mini wanda zan sa a ciki? Ko a garuruwanmu mai gida kan ja dillali gefe ya ce masa ban da gwauro, ban da mai yara da yawa, ban da 'yan wuri kaza. Wannan hujja ta "gidana ne" ita ce ganuwar da masu neman 'yancin baƙar fata suka shafe sama da shekara hamsin suna sara. Abin da na fahimta daga tarihin kuwa shi ne, wariyar ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta a matsayin harkar mutum ɗaya da gidansa ba. Kullum sai ta jingina da alƙali, ko banki, ko ƙungiyar dillalai, ko ita kanta gwamnatin da ake cewa ba ruwanta.

Abin mamaki, dokar da za ta warware rikicin tana nan tun 1866. 'Yan watanni bayan an haramta bauta, majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar 'yancin ɗan ƙasa, shugaba Andrew Johnson ya ƙi sa hannu, majalisa ta yi amfani da rinjayenta ta tsallake shi. A cikin dokar an rubuta ƙarara cewa kowane ɗan ƙasa yana da haƙƙi daidai da na farar fata wajen gado da saye da haya da sayarwa da mallakar dukiya. Sai dai a 1883 Kotun Ƙoli ta yanke wani hukunci a kan wata dokar daban, inda ta ce gyara na 14 na tsarin mulki, wanda ya ce kowa daidai yake a gaban doka, aikin hukuma kaɗai ya shafa, ban da abin da mai otal ko mai gidan kallo ya yi don ra'ayin kansa. Daga nan aka ɗauka ita ma ta 1866 haka take. Ta zauna a littafin dokoki tana shan ƙura.

Matsalar ta kunno kai sosai ne lokacin da baƙar fata suka fara ƙaura daga jihohin kudu zuwa biranen arewa da yamma, suna gudun kisan gilla da noman bashi, suna neman aiki a masana'antu. Daga wajen 1910 zuwa 1970 mutum kusan miliyan shida suka tashi. Dabarar farko da birane suka yi ita ce ta fito-na-fito. Baltimore ta kafa doka a 1910 wadda ta raba layukan gari: layin da farare suka fi yawa baƙi ba zai tare ba, haka ma akasinsa. Wasu birane suka kwaikwaya, har da Louisville a 1914. Ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP, wadda ba ta daɗe da kafuwa ba, ta shirya wani tarko mai ban sha'awa a Louisville. Shugaban reshenta, William Warley, ya ƙulla cinikin fili da wani dillali farar fata mai goyon bayansu, Charles Buchanan, sannan ya ƙi biya, wai doka ta hana shi zama a wurin. Buchanan ya kai shi ƙara. Ka ga ke nan farar fata ne ke neman a soke dokar, baƙar fata kuma na fakewa da ita. A 1917 Kotun Ƙoli ta soke dokar baki ɗaya, amma nauyin hujjarta ya fi karkata ga 'yancin mai dukiya ya sayar wa wanda ya so. Wato da makamin "gidana ne" aka ci wannan nasara, kuma da shi za a rama. A waccan shekarar ce dai, a nan gida, gwamnatin Lugard ta fitar da dokar garuruwa da ta sa fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa. Namu bai sami kotun da za ta duba shi ba.

Da aka rufe wa hukumomin gari ƙofa, sai abin ya koma cikin takardar gida. Maƙwabta su taru su sa hannu a yarjejeniya cewa babu wanda zai sayar ko ya ba da haya ga baƙar fata, sau da yawa har da Yahudawa da 'yan China da 'yan Japan, na tsawon shekara ashirin ko hamsin ko fiye. A rubuta sharaɗin a rajistar filaye, ya riƙa bin gidan ko ya canja hannu sau goma. Wanda ya saɓa, maƙwabci na iya kai shi kotu a rushe cinikin. A 1926, a shari'ar Corrigan da Buckley daga birnin Washinton, Kotun Ƙoli ta ce wannan yarjejeniya ce tsakanin mutane, ba ta ga abin da ya shafi tsarin mulki ba. Kafin nan da shekara biyu, ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasa ta sa a cikin ƙa'idojin sana'arta cewa dillali kada ya zama silar shigo da mutanen wani jinsi ko wata ƙasa cikin unguwa in zuwansu zai karya darajar gidaje. Lura da kyau: dillalin da ya sayar wa baƙar fata gida a unguwar farare shi ne ya karya ƙa'idar sana'a, shi za a hukunta. Wannan magana ta zauna a rubuce har 1950.

Inda takarda ta kasa, sai wuta da duwatsu. A Shikago an jefa bam sau 58 tsakanin 1917 da 1921 a gidajen baƙar fata da na dillalan da suka sayar musu. A Detroit, a watan Satumba na 1925, wani likita baƙar fata, Ossian Sweet, ya tare a gidan da ya saya a titin Garland. Dare na biyu taron jama'a ya kewaye gidan yana jifa. Aka yi harbi daga ciki, mutum ɗaya ya mutu, 'yan sanda suka kwashe duk mutum goma sha ɗaya da ke gidan, har da matar likitan, aka tuhume su da kisa. Shahararren lauya Clarence Darrow ne ya kare su. Masu taya alƙali yanke hukunci, dukkansu farare, suka kasa cimma matsaya a zaman farko, a na biyu kuma suka wanke ƙanin likitan, Henry, a 1926. An tsira daga kurkuku, amma ba kowane mai neman gida ne ke da Darrow ba.

Sai babbar magana, wadda a ganina ta fi duk bama-baman illa, domin ita ba ta da ƙara. Bayan karyewar tattalin arziki ta 1929 gwamnatin Franklin Roosevelt ta shiga harkar gidaje da ƙarfinta. A 1933 ta kafa hukumar HOLC don ceto masu bashin gida, hukumar kuma ta zana taswirar birane sama da 200, ta raba unguwanni aji huɗu: kore, shuɗi, rawaya, ja. Unguwar da baƙar fata ke ciki kusan kullum ja take samu, ma'ana ba da bashi a nan kasada ce. A 1934 aka kafa hukumar FHA, wadda aikinta shi ne tsaya wa mai cin bashi. In FHA ta tsaya maka, banki zai ba ka rancen da za ka biya cikin shekara ashirin zuwa talatin, da ɗan kafin alƙalami kaɗan, don ya san ko ka gaza gwamnati za ta biya. Wannan tsari ne ya mayar da leburan masana'anta da direban bas masu gidan kansu. To littafin ƙa'idojin FHA ya gargaɗi ma'aikatanta game da cakuɗa jinsunan da wai ba sa jituwa, ya kuma yaba wa waccan yarjejeniyar maƙwabta a matsayin abin da ke kare darajar gida. Masana tarihi na gardama kan ko taswirorin HOLC ne suka yi ɓarnar ko kuwa sun zana abin da bankuna suka daɗe suna yi ne. Game da FHA kuwa babu gardama mai yawa.

A Detroit, a 1941, wani magini ya nemi FHA ta tsaya masa a kan fili da ke maƙwabtaka da unguwar baƙar fata, aka ƙi. Ya gina katangar kankare mai tsayin ƙafa shida, ta yi tafiyar kusan rabin mil, ya raba tsakani. Aka amince masa. Katangar tana nan tsaye. A Long Island kusa da New York, William Levitt ya fara gina garin Levittown a 1947, gida sama da 17,000, mafi yawa don sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu, da tallafin lamunin gwamnati. A takardar kowane gida an rubuta cewa farar fata kaɗai zai zauna, sai fa mai aikin gida. Sojan da ya yi yaƙi a Italiya ko Faransa, in baƙi ne, ba shi da rabo. Wani bincike da aka yi a jihar Mississippi a 1947 ya duba rance 3,229 da hukumar tsofaffin sojoji ta tsaya wa, na gida da gona da sana'a, ya tarar biyu kacal suka je hannun baƙar fata.

Wanda ya fara tsaga ganuwar wani ma'aikaci ne, J.D. Shelley, da matarsa Ethel, waɗanda suka baro Mississippi suka sayi gida a titin Labadie a St. Louis a 1945. Ashe tun 1911 akwai yarjejeniyar shekara hamsin a kan layin. Wani mazaunin yankin, Louis Kraemer, ya kai ƙara, babbar kotun jihar Missouri ta ba shi gaskiya, ta ce su fita. Lauya George Vaughn ya kai maganar Kotun Ƙoli, aka haɗa ta da wata irinta daga Detroit wadda lauyan NAACP Thurgood Marshall ke riƙe da ita. Alƙalai uku cikin tara suka janye daga zaman, kuma abin da aka fi ɗauka shi ne su ma gidajensu na ɗauke da irin wannan sharaɗi. Shidan da suka rage suka yanke hukunci da murya ɗaya ranar 3 ga Mayu, 1948.

Hikimar hukuncin ta cancanci a tsaya a kanta. Kotun ba ta ce yarjejeniyar haramun ce ba. Ta ce maƙwabta na iya rubuta abin da suka ga dama, su kuma cika alkawarinsu don kansu. Amma a nan ga mai sayarwa ya yarda, ga mai saye da kuɗinsa, ciniki ya faɗa. Me zai fitar da iyalin Shelley daga gidan? Umarnin alƙali, da ɗan sandan da zai zo ya watsar da kaya waje. Alƙali kuwa hukuma ne. Saboda haka duk ranar da kotu ta tilasta wannan sharaɗi, gwamnati ce ta yi wariya, kuma gyara na 14 ya hana. Wannan shi ya tona asirin maganar "harkar mutane ce": in da harkar mutane ce zalla, me ya kai su gaban alƙali? Masu yarjejeniya suka sake dabara, suka koma neman diyya daga maƙwabcin da ya sayar. A 1953, a shari'ar Barrows da Jackson, aka toshe wannan ma.

An kashe maciji, ba a sare kansa ba. FHA ta ci gaba da tsaya wa gidaje masu sabon sharaɗin wariya har watan Fabrairun 1950. Levitt ya goge jimlar daga takarda, ya ci gaba da ƙin sayarwa. A 1951 wani direban bas kuma tsohon soja, Harvey Clark, ya kama haya a Cicero, gefen Shikago. Mutum dubbai suka far wa ginin, suka jefo kayansa ta taga suka cinna musu wuta, sai da gwamna ya turo dakarun jiha. Da aka zo tuhuma a matakin ƙaramar hukuma, ba masu ƙone-ƙonen aka kama ba, sai lauyan Clark da mai gidan da dillalin, wai su suka tayar da fitina.

Su kuwa 'yan kasuwa sun gano cewa wariya kanta haja ce. Dillali zai shiga unguwar farare ya baza jita-jitar cewa baƙi na tafe, har a ɗauki hayar wata mata baƙar fata ta riƙa zagaye da keken jariri. Tsoro ya kama masu gida, su karyar da arha. Shi kuma ya juya ya sayar wa baƙar fata da ninkin kuɗi. Da yake banki ba ya ba baƙar fata rance, sai a yi cinikin biya kaɗan-kaɗan, takardar gida na hannun mai sayarwa har sai an biya sisin ƙarshe. Ka yi shekara takwas kana biya, wata ɗaya ya kuɓuce maka, a fitar da kai, duk abin da ka zuba ya tafi, a sa wani. A unguwar North Lawndale ta Shikago waɗanda abin ya ci suka kafa ƙungiya a 1968, suka daina biya gaba ɗaya don tilasta a sake ciniki.

Tun da hukuncin Shelley bai taɓa mai gidan da ya ce kawai "ba na sayarwa" ba, sai aka koma neman sabuwar doka. Birnin New York ne ya fara, a 1957, da dokar da ta shafi gidajen masu zaman kansu. Jihohi irin su Colorado da Massachusetts suka biyo baya a 1959. John Kennedy, yana yaƙin neman zaɓe a 1960, ya ce shugaban ƙasa na iya kawar da wariya a gidajen da gwamnati ke tallafawa da zanen alƙalami guda. Da ya hau sai ya yi shiru, mutane suka riƙa aika masa alƙaluma ta gidan waya, ko nasa ya ƙafe ne. Sai a Nuwamban 1962 ya sa hannu, a kan umarni mai ƙaramin hurumi. A wannan tsakanin abin ya taɓa mu kai tsaye. Ƙasashen Afirka sun sami 'yanci, jakadunsu sun isa Washinton da New York, masu gidaje suna ƙin ba su haya. Jakadan Chadi, Adam Malick Sow, ko abinci an hana shi a wani gidan cin abinci a Maryland a 1961. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka sai da ta buɗe sashe na musamman, ƙarƙashin Pedro Sanjuan, yana bin masu gidaje yana lallashi, don Tarayyar Sobiyat na cin kasuwa da labarin.

Kada a ɗauka wannan halin mutanen kudu ne kawai. Kalifoniya ta zartar da dokar hana wariya a gidaje a 1963, wadda ɗan majalisa baƙar fata William Byron Rumford ya kawo. Shekara na zagayowa ƙungiyar dillalai ta jagoranci ƙuri'ar raba gardama don soke ta da sunan 'yancin mai dukiya, kuma kusan kashi 65 cikin ɗari suka amince. A rana guda suka zaɓi shugaban ƙasa Lyndon Johnson, mai dokar 'yancin ɗan ƙasa, da gagarumin rinjaye. Mutum ya yarda baƙar fata ya yi zaɓe a Alabama, amma ban da ya zama maƙwabcinsa. Ronald Reagan, yana neman gwamna a 1966, ya fito fili ya ce wanda ke son nuna bambanci wajen sayar da gidansa yana da wannan haƙƙi. Kotun Ƙoli ta rushe sakamakon ƙuri'ar a 1967, da ƙyar, alƙalai biyar da huɗu.

Martin Luther King ya ɗanɗana wannan a jikinsa. A farkon 1966 ya tare a wani ruɓaɓɓen gidan haya a North Lawndale, ya riƙa jagorantar tattaki zuwa ofisoshin dillalai a unguwannin farare. Ranar 5 ga Agusta, a Marquette Park, aka jefe shi da dutse a ka har ya durƙusa. Ya ce mutanen Mississippi su zo Shikago su koyi ƙiyayya. Yarjejeniyar da ya ƙulla da magajin gari Richard Daley ba ta haifar da abin kirki ba. A Milwaukee kuma wata kansila baƙar fata, Vel Phillips, ta sha kawo ƙudurin hana wariya a gidaje tun 1962, duk lokacin ƙuri'arta kaɗai yake samu. Matasan NAACP tare da wani limamin Katolika, James Groppi, suka yi tattaki dare 200 a jere daga Agustan 1967.

A majalisar tarayya ƙudurin ya mutu a 1966. A 1968 sanatoci biyu suka sake ɗaukarsa: Walter Mondale, da Edward Brooke, baƙar fata ɗaya tilo a majalisar dattawa, wanda shi kansa ya dawo daga yaƙi ya sha wahalar samun gida. Don a sami ƙuri'un da za su karya masu jan ƙafa, sai da aka sasanta da jagoran 'yan Republican, Everett Dirksen, kuma farashin sasantawar shi ne a cire wa dokar haƙora. Dattawa suka zartar ranar 11 ga Maris da ƙuri'a 71 da 20. A majalisar wakilai ta maƙale a kwamiti, ana ganin can za ta ruɓe. Ranar 4 ga Afrilu aka harbe King a Memphis, tarzoma ta ɓarke a birane sama da ɗari, sojoji suka yi wa ginin majalisa zobe. Ranar 10 ga wata wakilai suka amince, washegari shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu.

Dokar ta haramta ƙin sayarwa ko ba da haya saboda jinsi, launi, addini ko ƙasar asali. Ta haramta ƙaryar cewa an riga an kama, da talla mai nuna wanda ake so, da tsoratar da masu gida don su karyar, da bambanci wajen rance. Amma ta bar ƙofofi. Mai gidan da bai wuce sashe huɗu ba kuma yana zaune a ɗaya, doka ba ta hau kansa ba. 'Yan majalisa sun ƙirƙiro wata tsohuwa, "Misis Murphy", mai 'yan ɗakunan haya, suka ce ba za a tilasta mata zama da wanda ba ta so ba. Haka wanda ya sayar da gidansa da kansa ba tare da dillali ba. Mafi muni, ma'aikatar gidaje ta HUD ba a ba ta ikon hukunta kowa ba, sai zama da sulhu da lallashi. Wanda aka zalunta shi zai nemo lauya cikin kwana 180, kuma tarar ladabtarwa ba ta wuce dala dubu ba. Kyanwar Lami ke nan, ba cizo ba yakushi.

Wata biyu bayan haka, ranar 17 ga Yuni, Kotun Ƙoli ta waiwayi Joseph Jones. Lauyoyinsa ba su dogara da gyara na 14 kaɗai ba, wanda ke buƙatar hannun hukuma. Sun tono dokar 1866, suka ce tushenta gyara na 13 ne, wanda ya haramta bauta, kuma bauta ai mutane ne ke yinta, ba gwamnati ba. Alƙalai bakwai suka yarda, biyu suka ƙi. Mai shari'a Potter Stewart ya rubuta cewa majalisa na da ikon share tabon bauta, kuma wariyar da ke tara mutane a unguwa ɗaya kamar garke, ta mayar da ikon sayen gida ya dogara da launin fata, ita ma ragowar bauta ce. Ya ce dole dala a hannun baƙar fata ta sayi abin da dala a hannun farar fata za ta saya. Tsohuwar dokar ba ta da togaciya, don haka a kan batun jinsi ko Misis Murphy ba ta tsira ba. Shekara 102 maganin yana cikin aljihu.

Daga nan wariya ta koyi murmushi. Babu mai sake cewa "ba na sayar wa baƙi". Sai "ayya, jiya-jiyan nan aka kama", ko dillali ya zagaya da kai unguwannin da yake ganin naka ne, bai taɓa ambata maka sauran ba. Ka fito kana godiya, ba ka san an cuce ka ba. Ta yaya za ka kai ƙarar abin da ba ka gani ba? Amsar da masu fafutuka suka samo ita ce gwaji. A tura mutum biyu, fari da baƙi, shekaru kusan ɗaya, albashi ɗaya, labari ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dawo ya rubuta abin da aka gaya masa. Irin wannan shaida na cikin abin da ma'aikatar shari'a ta dogara da shi a 1973 lokacin da ta kai kamfanin Fred Trump da ɗansa Donald ƙara a New York, shari'ar da aka sasanta a 1975 ba tare da sun amsa laifi ba. Masu gidaje suka ce ɗan gwaji ba shi da bakin ƙara, tunda da ma ba hayar yake so ba. A 1982, a shari'ar kamfanin Havens da wata 'yar gwaji Sylvia Coleman daga yankin Richmond, Kotun Ƙoli ta ce doka ta ba kowa haƙƙin a gaya masa gaskiya game da gidan da ke kasuwa, kuma wanda aka yi wa ƙarya an cuce shi, ko da niyyar haya ya zo ko babu. A wurina wannan hukunci, da ba a cika ambatonsa ba, shi ne ya sa dokar 1968 ta fara numfashi.

Haƙoran sun dawo a 1988. Aka ba HUD ikon gurfanar da mutum gaban alƙalanta, aka cire iyakar tara, aka tsawaita wa'adi zuwa shekara ɗaya don kai koke ma'aikata da shekara biyu don zuwa kotu, aka ƙara masu naƙasa da masu yara cikin waɗanda doka ta kare, bayan an riga an ƙara bambancin mace da namiji a 1974. Wanda ya sa hannu shi ne Ronald Reagan. Wannan kariya ta ƙasar asali da addini ita ce ta shafi ɗan Kano ko ɗan Damagaram ko ɗan zangon Kumasi da ke neman ɗaki a unguwar Bronx ta New York yau.

Ɓangaren kuɗi ya ɗauki sabon salo. A da a hana ka bashi, daga baya a bi ka har gida da bashi mai tsadar ruwa. Bayan rushewar kasuwar gidaje ta 2008, kamfanin ba da rancen gidaje na Countrywide ya amince da biyan dala miliyan 335 a 2011, bankin Wells Fargo dala miliyan 175 a 2012, kan zargin cajin baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka fiye da fararen da suke daidai da su. A 2015 Kotun Ƙoli, biyar da huɗu, ta yarda cewa ana iya ƙalubalantar tsarin da sakamakonsa ke ware jinsi ko da ba a kama kowa da mugun nufi ba. Facebook ma ya shiga ciki, don a lokacin manhajar tallarsa tana barin mai gida ya zaɓi waɗanda ba za su ga tallar ba. HUD ta tuhume shi a 2019, aka sasanta da ma'aikatar shari'a a 2022.

Gwajin da HUD ta ɗauki nauyi a 2012, sama da sau 8,000 a manyan birane 28, ya nuna rufe ƙofa kai tsaye ya ragu ƙwarai. Sai dai baƙar fata mai neman saye ana gaya masa gidaje ƙasa da na takwaransa fari da kashi 17 cikin ɗari, mai neman haya kuma da kashi 11. A 1960, lokacin da wariyar ke halal, kimanin kashi 65 na iyalan farare ke da gidan kansu, baƙar fata kashi 38. A 'yan shekarun nan farare sun haura kashi 70, baƙar fata na wajen 45, wato tazarar ba ta ragu ba. Doka na iya buɗe ƙofar ciniki, amma ba ta dawo da gadon da aka hana kaka tarawa. Gidan Levittown da aka sayar ƙasa da dala 8,000 a ƙarshen shekarun 1940 yau kuɗinsa dubban ɗaruruwa ne, kuma da shi aka biya wa 'ya'ya jami'a, aka ba jikoki kafin alƙalamin nasu gidan.

A 2019 jaridar Newsday ta fitar da sakamakon binciken shekara uku a Long Island ɗin nan, inda ta tura 'yan gwaji da kyamarar ɓoye wurin dillalai 93. Baƙar fata sun gamu da bambanci a kashi 49 cikin ɗari na gwaje-gwajen: a nemi su kawo takardar banki kafin a nuna musu gida alhali ba a tambayi farin ba, ko a karkatar da su wata unguwa. Shekara guda bayan haka ƙungiyar dillalai ta ƙasa, magajiyar wadda ta rubuta ƙa'idar 1924 kuma ta yaƙi dokar 1968, ta fito ta nemi gafara. A ƙidayar 2010, baƙar fata a Levittown ba su kai mutum biyu cikin ɗari ba.